Gudun da Babu Mai Kora: Yini Guda a Kan Dutsen Pendle

Ranar da na gaya wa Inna ta waya cewa zan shiga tseren gudu a kan dutse, shiru ta yi har na ɗauka layin ya yanke. Can sai ta ce, "Wa ya koro ka?" Na ce babu kowa, Inna, wasa ne na mutanen nan. Ta ce, "To, Allah ya tsare. Mu dai nan ba mu gudu sai da dalili."

Duk wanda ya san garinmu Wanke a shekarun nan ya san abin da take nufi. A ƙasarmu, daga Gusau zuwa Tsafe zuwa Bunguɗu, kalmar gudu ta yi nauyi a baki. Gudu shi ne na tsakar dare, mace da goyo, tsoho babu takalmi, a bar tuwo bisa murhu. Hausawa sun ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ga ni kuma a wata ƙasa inda mutum zai biya kuɗinsa, ya yi sammako cikin ruwa da iska, ya je ya yi ta gudu bisa tsauni, alhali sa gudu bai zo ba, ba kuma a sa ran zuwansa. Abin da idona ya gani a wannan yini shi nake so in ba 'yan'uwa labari.

Garin auduga a gindin dutse

Aikin jinya ne ya kai ni Ingila. Aka ajiye ni a wani asibiti a yankin Lankasha, arewa da Manchesta, na kama ɗaki a Nelson, wani ƙaramin gari mai dogayen layukan gidajen dutse manne da juna. Musulmi suna da yawa a garin, galibi 'yan asalin Pakistan waɗanda iyayensu suka zo aikin masaƙa. Masaƙun sun daɗe da mutuwa, amma nan da can za ka ga dogon bututun hayaƙinsu a tsaye.

Na daɗe ina wuce waɗannan gine-gine kafin in gane cewa akwai zumunci tsakanina da su. A Manchesta aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda bakin mutanenmu ya mayar da sunanta Bisije. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya riƙa kwasar auduga da gyaɗa zuwa bakin teku. Kakana ya noma auduga a Wanke. Irin waɗannan masaƙu ne suka riƙa juya ta, ta dawo mana kasuwa a matsayin akoko da alawayyo. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa saƙa ta zauna a wannan yanki shi ne laima: iskarsu kullum a jiƙe take, don haka zare ba ya saurin tsinkewa. Laimar da ta riƙe zaren kakana ita ce ta jiƙa jikansa sharkaf a ranar da zan ba da labari.

Daga tagar ɗakina ana hango Pendle, dogo, shimfiɗe, kamar wani ƙaton sa da ya kwanta yana tuƙa. Tsayinsa mita 557 ne daga saman teku. Da na ji adadin ban ɗauke shi da girma ba, don garin Gusau kansa ya haura mita 400 daga saman teku. Kuma ni da na tashi ina ganin Dutsen Kwatarkwashi, tsirara, baƙi, a miƙe kamar an dasa shi, sai na ga Pendle tudu ne kawai da aka lulluɓe da ciyawa. Daga baya na fahimci cewa ƙarfinsa ba a tsayi yake ba. Ya tsaya shi kaɗai, babu abin da ya kare shi daga iskar da ke tasowa daga tekun da ke tsakanin Ingila da Ailan, don haka duk abin da teku ya aiko, shi ne yake karɓa da ƙirji.

Sunansa ma abin mamaki ne. Mutanen farko da suka zauna wurin sun kira shi da kalmarsu ta tudu. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara tasu kalmar ta tudu, biyun suka haɗu suka zama Pendle. Na yanzu kuma suka sake ƙara tasu. In ka fassara cikakken sunan, Tudun Tudun Tudu ke nan. A 1612 an kama wasu talakawan ƙauyukan gindinsa da zargin maita, aka rataye mutum goma a birnin Lankasta. Shekara arba'in bayan haka, a 1652, wani mai wa'azi George Fox ya hau kansa, ya ce a can ya ga wahayin da ya kai shi ga kafa ɗariƙarsa ta Kirista. Na tuna labaran tsofaffinmu game da Magiro da kamun maiki a Kwatarkwashi, lokacin da samari ke hawa dutse su kamo tsuntsun da hannu don nuna jarunta. Ashe kowace al'umma tana da dutsen da take jingina wa tsoronta da girmamawarta.

Wasan makiyaya

Wanda ya ja ni cikin wannan harka wani dattijo ne mai tura gadon marasa lafiya a asibitinmu. Ya haura sittin, siriri, ƙwaurinsa kamar tsumagiya. Baba nake ce masa, har ya saba da sunan. Ya lura ina gudu a bakin hanya bayan aiki, sai wata rana ya nuna mini Pendle ta taga ya ce, "Yaro, kwalta tana cin gwiwa. Zo ka taka ƙasa."

Daga bakinsa na ji tarihin wasan. Asalinsa na makiyayan tumaki ne na arewacin Ingila da Sikotilan. A ranar bikin ƙauye, bayan kokowa da gasar karnuka, sai samari su yi tsere zuwa ƙolin dutsen da ke kan garin su dawo, jama'a na kallo daga fili. Har gobe ana yin haka a bikin Grasmere. A Sikotilan, wani wanzami mai suna William Swan ya hau Ben Nevis, dutse mafi tsayi a Birtaniya, mai mita 1,345, ya sauko da gudu a 1895, daga nan tseren wannan dutse ya samo tushe. A 1932 Bob Graham, mai gidan saukar baƙi a Keswick, ya taka ƙololuwa 42 cikin ƙasa da awa 24, kuma har yau mutane na bin sawunsa don gwada kansu. Amma wanda Baba ke ambata da ladabi irin na almajiri ga malaminsa shi ne Joss Naylor, makiyayin tumaki daga kwarin Wasdale, wanda ya taka ƙololuwa 72 cikin awa 24 a 1975, ya kuma rasu a 2024 yana da shekara 88. Ƙungiyar da ke tsara dokokin wasan a Ingila an kafa ta a 1970.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa ganin tseren dutse. A 2005 aka fara na Obudu a jihar Kuros Riba, inda na ɗaya ya riƙa tafiya da dala 50,000, zakaru suka riƙa zuwa daga Habasha da Turai. A Kamaru kuma tun 1973 ake tseren hawa babban dutsen Buea. Na Lankasha ya sha bamban. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, wanda ya zo na ɗaya kuma abin da zai samu bai wuce kwalbar abin sha ko kwalin cakulan ba. Likita da birkila da malamar makaranta da mai kiwon tumaki duk layi ɗaya suke tsayawa, kuma da an shiga taɓo ba ka iya bambance su.

Na yi kusan shekara ina bin Baba ƙananan tsere na lokacin zafi kafin ya ce na isa in gwada babban, wato zagayen Pendle da ake yi duk watan Nuwamba daga ƙauyen Barley. Nisansa kimanin kilomita 27 ne. Ba sau ɗaya ake hawa dutsen ba: a hau ta nan, a gangara ta can, a sake hawa ta wani gefen, har in an tara hawan duka ya kusa mita 1,500, ya ɗara tsayin Ben Nevis.

Binciken jaka

Mun isa Barley da hantsi, ko da yake babu ranar da za a ce ta yi hantsin. A wannan wata sai wajen bakwai da rabi gari ke wayewa, huɗu da 'yan mintuna kuma magariba ta yi. Pendle ba a ganinsa ko kaɗan. Gajimare ya sauko ya zauna a kansa har kusan rufin gidaje.

A zauren taron ƙauyen aka yi rajista. Kafin a ba ka lamba sai ka buɗe jakarka a gaban wata dattijuwa mai tabarau. Dole ta ga riga da wando masu hana ruwa shiga, da hula, da safar hannu, da taswirar dutsen, da kamfas, da usur, da abincin ko-ta-kwana. Wanda ya rasa ɗaya ba zai tashi ba, ko shi ne zakaran bara. Ta ɗaga ƙullin dabinon da na saya a shagon 'yan Pakistan ta ce, "Wannan ya fi alewa." Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta faɗi dokar da ta fi kowace girma a wurinsu: "Ɗana, in ka gaji ka fasa, babu laifi. Amma kada ka tafi gida sai ka zo nan ka gaya mana. In ba mu ga lambarka ba, mutane za su hau dutsen nan cikin dare nemanka."

Na ce mata na ji. A lokacin na ɗauke ta ƙa'ida ce kawai irin ta masu shirya taro.

Cikin gajimare

Mu ɗaruruwa muka tashi daga bakin titi, babu ganga, babu jawabin manya. Mutum ɗaya ya yi gargaɗi game da iska, ya ce mu tafi. Muka bi wata siririyar hanya ta gefen madatsar ruwa ta Ogden, ƙarar takalma kamar garken shanu a kan gada. Takalman wasan suna da haƙora a ƙasa don kama laka. Nawa irin Walsh ne, waɗanda ake ɗinkawa a Bolton, nan kusa.

Da muka bar hanya muka fara hawa, gudu ya ƙare. Kowa ya sunkuya, hannu bisa gwiwa, ana tura jiki sama. Nan na fara ganin abin da har yau yake ba ni mamaki: tumaki. Ga su nan warwatse a gefen dutse, kowace da ɗigon fenti ja ko shuɗi a gadon baya, alamar mai ita. Babu makiyayi, babu kare, babu yaro da sanda. Haka suke kwana su tashi, wata da watanni. Baba ya taɓa gaya mini cewa tunkiya tana koya wa ɗanta iyakar wurin kiwonsu, shi ma ya koya wa nasa, garke ya san gefensa na dutse ba tare da shinge ba. Ni da na san gidajen da aka wayi gari turke babu ko akuya, na san mutanen da aka raba da shanun da suka gada kaka da kakanni, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Katangun da suka raba gonaki kuwa na duwatsu ne zalla, an jera su ɗaya bisa ɗaya babu siminti babu laka, wasu sun fi shekara ɗari biyu a tsaye. Inda hanya ta ratsa katanga an yi matakala ko ƙyaure, kuma kowa ya wuce sai ya tabbatar an rufe.

Muna kaiwa saman dutse iska ta karɓe mu. Ruwan ƙasarmu daga sama yake zubowa, kamar da bakin ƙwarya, ya yi abin da zai yi ya ɗauke, rana ta fito. Wannan daga gefe yake zuwa, a kwance, yana neman kunne da wuya da duk wata kafa da ke jikin riga. Jim kaɗan ya juye ƙanƙara, ƙanana kamar gero, suna tsinin fuska har sai ka kare ido da hannu. Hazon kuma ba irin namu na hunturu ba ne mai ƙura da bushe leɓe. Jiƙaƙƙe ne, fari fat, kana shaƙarsa kana jin ruwa a huhu. Taku goma a gabanka mutum ya zama inuwa, taku ashirin ya ɓace.

Saman Pendle fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙin taɓo, ruɓaɓɓen tsiro na dubban shekaru wanda ya sha ruwa kamar soso. Wani wuri ka taka ya ɗauke ka, wani wuri ka nutse har gwiwa, ka zaro ƙafa da ƙyar kana addu'ar takalmin ya biyo ta. A ƙololuwa akwai wani farin ginshiƙin siminti na masu safiyo. A tashoshin da aka tsara kuwa, mutum biyu ko uku ne tsugune a bayan tarin duwatsu, cikin manyan riguna, ɗaya na kiran lambar duk wanda ya wuce, ɗaya na rubutawa a takardar da aka sa cikin leda. Ba a biyansu ko sisi. Mu muna motsi jini na gudana, su kuwa awa huɗu ko biyar za su yi a wuri ɗaya cikin wannan iska, kuma kowa ya wuce sai sun ce masa sannu da ƙoƙari.

Gangara ita ce inda ake gane ɗan gida. Akwai wata da suke kira Geronimo, wadda in ka tsaya a bakinta sai ka ga kamar ƙasa ta ƙare. Na ga mata da maza sun sake jiki sun zuba a guje, hannuwa a buɗe kamar shaho, wasu na zamewa da mazaunai bisa jiƙaƙƙiyar ciyawa su miƙe su ci gaba. Na bi a hankali, ina tuna yadda muke saukowa daga duwatsu muna yara a lokacin kiwo: kada ka kalli ƙafarka, kalli inda za ta sauka.

Usur shida

Bayan awa uku na yi kuskuren da aka gargaɗe ni a kansa. Yawancin hanyar babu tuta babu alama, kuma doka ta hana bin na'urar waya. Taswira da kamfas ne jagoranka. Hannuwana sun ƙage, na ƙyale taswirar a aljihu, na bi bayan wata jar riga da ke gabana. Jar rigar ta shige hazo ta ɓace. Na tsaya. Gabas da yamma suka zama ɗaya. Babu sawu, babu murya, sai kukan iska.

A nan tsoro ya zo mini, amma wani irin tsoro ne da ban saba da shi ba. A gida in ka tsinci kanka kai kaɗai a daji, abin da kake fargaba shi ne ka ji motsin mutum. A nan kuwa motsin mutum nake roƙon Allah ya jiyar da ni. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na fito da kamfas, na kasa kunne.

Inuwa ta ɓullo ta hagu. Wata mata ce, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin hularta, ta girme ni nesa ba kusa ba, kamfas a tafin hannunta. Ta ce, "Ka yi yamma da yawa. Biyo ni, akwai katanga a gabanmu." Ko minti biyar ba mu yi ba sai ga katangar, daidai inda ta ce.

A gindin katangar muka tarar da wani saurayi zaune. Ya ce hutawa yake yi, amma maganar tana fita a tauye kamar ta mai maye, kuma ya cire safar hannunsa ya ajiye a gefe. Aikina ya koya mini wannan alama. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. In jiƙa da iska da yunwa suka haɗu suka ja shi ƙasa da 35, mutum zai fara karkarwa, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta riƙa harɗewa, tunani ya rikice har ya ga kamar lafiyarsa lau. Mafi haɗari shi ne lokacin da karkarwar ta tsaya. Tasa ba ta tsaya ba tukuna.

Ba mu yi shawara ba. Matar ta zaro wani buhun leda mai ƙyalli daga jakarta muka zura shi ciki, na sa masa hulata ta biyu, na mayar masa da safar hannu, na riƙa ba shi dabino ɗaya bayan ɗaya ina sa shi magana don kada ya yi barci. Ita kuma ta sa usur a baki ta busa sau shida, ta dakata minti guda, ta sake busa shida. Wannan ita ce alamar neman agaji a duwatsunsu. A karo na uku muka ji amsa daga cikin hazo, busa uku. Mutum biyu daga tashar da ke gaba suka iso da shayi mai zafi a fulas da rediyon hannu. Suka rubuta lambarsa, suka sanar da zaure cewa wannan lamba ta fasa kuma tana hannunsu, suka ce mana mu ci gaba.

Masu tsere da dama sun wuce mu a wannan tsayuwa, kuma kusan kowanne sai ya rage gudu ya tambaya ko ana bukatarsa. Dokar wasan ce: wanda ya ga ɗan'uwansa cikin hali ya wuce, ya zubar da mutuncinsa ko da ya zo na ɗaya.

Hawa na ƙarshe shi suke kira Big End, wato babban ƙarshe, kuma sunan ya dace da shi. Da rarrafe na hau shi, ina damƙar ciyawa, cinyoyina na ɗaurewa. Ba na tunanin komai sai ƙirga taku: ashirin, in huta, ashirin, in huta. Sannu ba ta hana zuwa. Da na dafa farin ginshiƙin nan karo na biyu, sai iska ta yage gajimaren na ɗan lokaci. Ƙasa ta buɗe a ƙarƙashina, koren filaye da katangu kamar zanen tabarma, madatsun ruwa na ƙyalli, garuruwan masaƙa can nesa. Kafin in gama cewa Subhanallahi hazo ya sake rufewa.

Lamba ɗaya

Na shiga Barley bayan kusan awa biyar, cikin na ƙarshe-ƙarshe. Na farko sun iso tun awa biyu da rabi da suka wuce, amma da yawansu na nan bakin hanya suna tafa wa masu isowa. Baba ya tare ni da kofin shayi, laka har gira, ya ce, "Yanzu ka zama ɗan dutse."

Zauren ya cika da tururin jiki da ƙanshin miyar kayan lambu. Na tambayi dattijuwar nan mai tabarau ko akwai inda zan yi salla. Ta kai ni wani ɗan ɗaki da ake ajiye kujeru, ta janye su da kanta, ta kawo tsabtataccen mayafin tebur ta shimfiɗa. Kamfas ɗin da na kasa amfani da shi a kan dutse shi ya nuna mini alƙibla, kudu maso gabas, ba kamar a gida ba. Na yi azahar da la'asar, goshina na jin ɗumin ƙasa kamar ni'ima.

Da na fito na tarar zauren ya canza. An gama rabon kyaututtuka, amma mutane ba su watse ba. Dattijuwar na tsaye kan takardunta da biro, tana bin layi da yatsa. Lamba ɗaya ba ta dawo ba. An rubuta ta a tasha ta kusa da ƙarshe, ba a gan ta a ta ƙarshe ba. Waje duhu ya fara shiga. 'Yan agajin dutse, waɗanda su ma aikin sa-kai suke yi babu albashi, suka fara ɗaura fitilu a goshi suna harhaɗa gadon ɗaukar majinyaci. Wasu daga cikin waɗanda suka gama tsere, ƙafafunsu na rawa, suka sake ɗaure takalma. Babu wanda ya san mutumin a cikin waɗanda na tambaya. Ba a san garinsu ba, ba a san addininsa ba. Lamba ce kawai a takarda, kuma saboda ita mutum fiye da hamsin suka ƙi tafiya gida.

Ina zaune ina kallonsu sai Wanke ta faɗo mini a rai. 'Yan bindiga sun sha afka wa garinmu da ƙauyukan kewayensa. Na san safiyar da ke biyo bayan irin wannan dare: mutane na fitowa daga gonaki da ramuka, ana bi gida-gida ana ƙirga, wane ya dawo, wance ba a gan ta ba. Mu ma mun iya ƙirga. Mu ma muna da masu sake ɗaure takalmi su koma nema, kuma sau da yawa da ransu suke biya. Abin da ya bambanta shi ne, a Barley abokin gaba iska ce da hazo, kuma duk wanda ke kan dutsen yana gefenka. Arzikin da na gani a ƙasar nan wanda ya fi tsaya mini a rai ke nan, fiye da jiragensu da gine-ginensu: tunkiya ta kwana a dutse babu makiyayi, mace mai furfura ta ratsa daji ita kaɗai makaminta usur, kuma ran mutum ɗaya ya isa ya hana gari barci. Tsofaffinmu sun ce haka ƙasarmu take a da, lokacin da fatake ke kwana a gindin Kwatarkwashi da jakunansu, yara na hawa duwatsun Tsafe neman kanya da ɗinya. Abin da aka taɓa yi ana iya sake yinsa. Burina in ga ranar da samarin Wanke da Tsafe da Bunguɗu za su yi layi a gindin dutse, a busa usur su zuba a guje don nishaɗi kawai, a tsaya da takarda a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya sauko.

Wajen biyar saura wayar zauren ta yi ƙara. Aka yi tsit. Mutumin ya ɓace a hazo ya gangara ta bayan dutse, ya ƙwanƙwasa ƙofar wani manomi, an ba shi shayi, ga shi nan ana kawo shi a mota. Dattijuwar ba ta ce komai ba. Ta jira har ya shigo da ƙafarsa, lulluɓe da bargon manomin, ta dube shi ta saman tabarau, sannan ta sa biro ta ja layi a kan lambar. Sai a lokacin aka fara naɗe kujeru.

Da dare na kira gida. Na fara ba Inna labarin ƙanƙara da taɓo da tumakin da ba su da makiyayi. Ta saurara har na kai aya. Ba ta tambaye ni na nawa na zo ba. Ta ce, "Ku nawa kuka hau?" Na ce mun fi ɗari biyu. Ta ce, "Kowa ya dawo?"

Na ce, "Kowa ya dawo, Inna."

Na ji ajiyar zuciyarta tun daga Wanke. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya nuna mana haka."